Allon Tagulla a Kan Sitiyarin Kawu

Ba ni da tabbacin cewa duk abin da zan faɗa a nan haka ya faru daki-daki. Shekaru sun ja, kuma na ba da labarin nan a bakin shaguna da yawa, har ina tsoron gyare-gyaren da masu sauraro suka yi masa sun manne mini a ka, na ɗauke su abin da na gani da idona. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne a Gadarif ne, gab da yankan riɗi, a shekarun mulkin 'yan Islamiyya, wato masu siyasa da sunan Musulunci, lokacin da mutum kan auna maganarsa kafin ya sake ta a kasuwa.

Na gama jami'a a fannin aikin gona, na gama bautar ƙasa, na dawo gida ba aiki. Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a kasuwar amfanin gona da kuma gona ta wajen Mafaza, shi ya ce in riƙa bin sa kafin Allah ya buɗa. Ustaz yake kirana, kamar yadda ake kiran duk wanda ya yi karatu, sai dai a bakinsa kalmar tana da ɗan gishirin zolaya.

Motarsa ƙarama ce mai ƙofa huɗu, fara, ta sha hannu a wata ƙasa kafin a sauke ta a tashar jirgin ruwa. Irinta sun yi yawa a garin a lokacin. Tana da jakar iskan nan da ke ɓoye a cikin sitiyari, wadda ke kumbura nan take idan an yi karo don ta tare ƙirjin direba. Mu balona muke ce mata. A allon gaban direba akwai wata 'yar fitila ja mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, kullum a kunne. Da na tambaya, Kawu ya ce haka ya saye ta, kuma ba ta taɓa hana shi isa inda za shi ba.

A tsakiyar sitiyarin, daidai kan murfin balonar, akwai allon tagulla mai faɗin tafin hannu, an zana addu'ar tafiya a jikinsa. Kakata, mahaifiyar Kawu, ita ta kawo masa daga hajji shekara kaɗan kafin ta rasu. An ɗaure shi da ƙananan ƙusoshi huɗu. Ba Kawu kaɗai ke yin haka ba. Kusan kowane mai mota a garin yana ɗaura wani abu a wurin nan, don nan ido ya fi sauka: aya, ko ƙaramin agogo, ko madubi.

Ni ba masanin mota ba ne, ina so a riƙe wannan. Abin da na sani a wurin mai shayin da ke ƙofar garejin ustan Kawu na fara jin sa, usta kuwa shi ne babban makanike. A can masu motoci ke zama su jira gyara, kowa yana faɗin ciwon tasa. Wani mutumin garin Showak mai ɗaukar fasinja, da tabo a ƙasan ido, ya ce tasa balonar ta fashe ba tare da ya bugi komai ba, yana sauka daga kwalta ne kawai tayarsa ta faɗa rami. Agogon da ya manna a sitiyari shi ya tsaga masa kunci. Wani mai sayar da yadi ya ce tasa ta gefen fasinja ce ta tashi, ta yi jifa da kaskon turaren da ya ɗora a wurin, gilashin gaba ya tarwatse. Wani kuma ya rantse ya bugi saniya sosai, tasa ko motsi ba ta yi ba. Duka irin motar Kawu ce, kuma da na bi su da tambaya, kowannensu ya tuna jar fitilar nan ta daɗe a kunne.

Na je shagon intanet na duba. Na tarar da masu irin motar a wasu ƙasashe suna kai koke iri ɗaya. Ba zan ce na fahimci komai ba, kuma ba zan rantse cewa cuta ɗaya ce ke damun dukkansu ba. Amma a can akwai wurin kai ƙara, wasu ma an kira su an canja musu kayan. Mu da motocinmu suka zo ta hannu na uku, babu wanda ya san muna da su.

Na koma wurin usta. Ya ce mai yiwuwa ruwan damina ne ya shiga wayoyin, mai yiwuwa akwatin da ke ba balonar umarni ne ya tsufa, shi ma ba ya da na'urar da za ta gaya masa. Kayan gyaran sai an aiko daga Khartoum, kuma ba za su iso kafin yanka ba. Riɗi kuwa ba ya jira, idan ya bushe a tsaye sai ya tsage ya zube a ƙasa. Ke nan Kawu zai bi hanyar gona da motar yadda take, hanyar baƙar laka da ke tsattsagewa bayan damina, ramuka ta ko'ina. Na ce to aƙalla a cire allon. Usta ya ajiye kofinsa ya ce shi ya ɗaura da hannunsa, amma ba zai zama mutumin da ya cire sunan Allah daga motar wani a gaban jama'ar nan ba, sai mai ita ya faɗa da bakinsa.

Daga ranar abu ɗaya ke kaina. Idan balonar ta tashi, tagullar nan za ta fito da ƙarfin da ya tarwatsa gilashin mai yadi, kuma Kawu gajere ne, yana tuƙi ƙirjinsa kusa da sitiyari. Maƙogwaronsa ne a saitinta.

Na same shi a shago bayan la'asar, abokansa na zaune a kan buhunan dawa. Na yi bayani a hankali, da "wataƙila" da "ban tabbata ba" a kowace gaɓa, kamar yadda na saba. Kawu ya saurara har na gama, ya ce, "Wato, ustaz, addu'ar tafiya ce za ta kashe ni a kan tafiya?"

Aka yi dariya. Maƙwabcin shagonsa, wani dillalin riɗi mai gemu, bai yi dariya ba. Ya ce an daɗe ana faɗa, yaro ya tafi jami'a da salla ya dawo shuyu'i, wato ɗan kwaminis. A shekarun nan wannan ba kalmar wasa ba ce, tana iya bin mutum har ƙofar ofishin da yake neman aiki. Kawu ya ce masa ya bar ɗan 'yar'uwarsa, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, tun yana ƙarami ba ya tsallaka kwata sai ya leƙa. Sannan ya juyo ya ce da ni, cikin sanyin murya, abin da uwarsa ta ɗauko daga Makka ba zai sauka don labarin teburin shayi ba. Na tashi na koma gida. Mahaifiyata ma da na kai mata maganar cewa ta yi in rufa mata asiri, kada a ce ɗanta ne shuyu'in.

Ana gobe ko jibi za mu tafi, muka shiga kasuwa ɗaukar ma'aikatan yanka da sayen laujuna. Hanya ta cushe. Wani mai karo, keken jakin nan na ɗaukar kaya, ya gicciya a gabanmu ya tsaya yana ciniki abinsa. Kawu ya dunƙule hannu ya hau dukan hon, yana dukan yana zagin mutumin da jakinsa da wanda ya sayar masa da jakin. Hon ɗin motar a tsakiyar sitiyari yake. Duk dukan a kan allon yake sauka. Na sha ganin haka, amma ban taɓa lura ba sai ranar, har gefen tagullar ya goge ya yi haske saboda gumin hannunsa.

Na ce, "Kawu, dubi inda hannunka yake."

Ya duba. Hannun yana nan a dunƙule a kan rubutun, zagin bai gama fita daga bakinsa ba. Na ce sunan Allah ne yake naushi tun safe, kuma da hannun hagu, kuma kowace rana haka ne. Na ce ina ganin da Kaka ta san nan za a ɗaura shi, da ta ce a sa shi sama da kai.

Ya janye hannun daga kan allon. Mai karon ya matsa, na baya suna ta hon, Kawu bai ko taɓa nasa ba. Da muka fita daga cunkoson sai ya karya kan mota zuwa gareji.

A hanya zuciyata ta ƙi kwanciya. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne ainihin abin da ya dame ni ba, kuma ba na so a ce na yi wa Kawu dabara da addini. Don haka na gaya masa a fili cewa har yanzu balonar nake tsoro, ita ce babban dalilina. Ya ce, "Na farkon, na sunan Allah, na ji shi. Na biyun, na balona, riƙe abinka."

Usta ya kwance ƙusoshin, Kawu da kansa ya karɓi allon ya goge shi da bakin rawaninsa. Aka ɗaura shi a rufin mota ta ciki, sama da madubi. Sai da na sa usta ya tabbatar mini babu wata balona a bayan wurin, ya ce motar ta girmi wannan ƙa'ida, in bar shi ya yi aikinsa. Murfin sitiyari ya rage da ramuka huɗu ƙanana.

Ranar tafiya gona, da hantsi abin ya faru, bayan mun bar kwalta. Motar ma'aikata tana bin mu a baya. Ni na tura kujerata baya iyakar inda take zuwa, na ɗaura bel, Kawu yana ta tsokanata wai in koma but ɗin baya in kwanta. Ba gudu muke ba. Tayar gaba ta faɗa wata tsaga, motar ta yi tsalle, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Farin gari ya cika motar, da wari kamar na ashana. Ban ga Kawu ba, farin ƙyalle kawai na gani a inda fuskarsa take. Motar ta gangara cikin dawa ta tsaya da kanta.

Ƙyallen ya saɓe. Ga Kawu, rawaninsa ya tashi ya faɗa kujerar baya, gemunsa fari fat, leɓensa ya ɗan fashe, wuyan hannunsa ya yi ja kamar an zuba masa ruwan zafi. Yana tari yana salati. Ma'aikatan suka diro da gudu suka buɗe ƙofa, ya ɗaga musu hannu alamar yana lafiya.

Murfin sitiyarin ya tsage gida biyu, rabin sama ya ɗage yana reto. Kawu ya sa yatsa ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kai hannun maƙogwaronsa ya shafa, ya ɗaga kai ya dubi allon a sama, bai ko karkace ba. Ya daɗe a haka. Ni kuwa ina zaune, ko bel ɗin ban kwance ba.

"Ustaz," ya ce, "na biyun ma na ji shi yanzu."

Aka yanke jakar da lauje, motar ta tashi, muka isa gona kafin azahar. An yanke riɗin a kan kari. Ban taɓa jin daɗin rana mai zafi kamar wannan ba. Na yi ta yawo tsakanin dammunan riɗi ina murmushi ni kaɗai, har wani cikin ma'aikatan ya tambayi ko garin balonar ne ya taɓa mini kai.

Da muka dawo Gadarif Kawu bai sa an canja murfin da wuri ba. Ya riƙa ajiye motar a ƙofar shago, gilashi a sauke, duk wanda ya zo sai ya nuna masa ramukan. Yadda yake ba da labarin, ya girmama addu'ar ne ya ɗaga ta sama, ita kuma ta kare shi. Ban taɓa musa masa ba, don ban ga ta inda hakan ya saɓa wa nawa bayanin ba. Amma kullum yana ƙarewa da nuna ni, ya ce wannan matsoracin ne ya gani. Kafin a gama girbin dawa, usta ya ce ya gaji da kwance agogo da madubi da ayoyi daga sitiyarin mutane yana mayar da su sama. Wasu suka fara aikawa Khartoum neman kayan gyara saboda jar fitilar. Dillalin nan mai gemu ya same ni wata safiya, ya yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, daga ƙarshe ya ce ko zan leƙa masa motar surukinsa, akwai wata fitila da ba ta mutuwa. Na je na leƙa. Na gaya masa ban tabbata ba, amma ya kai ta gareji, kuma ya sauke abin da ke kan sitiyari tun yau.

Kawu ya rasu bayan shekaru, a kan shimfiɗarsa, da tsufansa. Allon yana wurina.

Akwai mutane da yawa a motar ma'aikatan nan, akwai kuma waɗanda ke zaune a shago ranar da aka yi mini dariya, da masu shan shayi a ƙofar gareji. Ban tabbata ko mutumin Showak agogo ne ya yanke shi ko madubi ba, kuma wani ya taɓa ce mini cikin riɗi motar ta gangara, ba cikin dawa ba. Duk wanda ya shaida abin kuma ya ga na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da yadda ya tuna, zan gyara.