Injin da Dogo Ya Bari a Kunne

A ofishin ba mai kiranta da sunan yanka. In ba ta kusa, Anti Kashe-Kashe suke ce mata. In tana kusa, Anti kawai.

Kamfanin ƙarami ne, manhaja yake rubuta wa shagunan magani. Ba su da manyan injunan kwamfuta nasu, haya suke yi a wurin wani ƙaton kamfani na nesa, abin da 'yan sana'ar ke kira gajimare. Daga teburinka za ka kunna inji, ba ka taɓa ganinsa da ido ba, amma duk awar da ya yi a kunne kuɗi ne. Ma'aikatan sun iya kunnawa, kashewa ce ta gagare su. Da hayar ta fara cin rabin riba, sai aka ɗora mata aikin bi tana kashewa, ita da ta shekara goma sha biyu tana gina manhaja da hannunta.

Teburinta na ƙarshen ɗaki, tsakanin firinta da wata taga da ba ta buɗuwa. Kullum da safe takan bi jerin injunan kamar mai ƙirgar awaki, sannan ta tashi ta bi tebur-tebur.

"Ƙanena, wannan injin gwajin naka ne? Kwana tara yana ci ba ya aiki."

"Anti, ki bar min shi zuwa gobe."

"Jiya ma gobe ka ce."

Ba faɗa take yi ba, amma wa ke murnar ganin mai karɓe masa abin hannunsa? Da ta doso, hira ta mutu. Rana na yi su fita cin abinci a ayari, ita kuwa ta buɗe kularta a gaban allo. A gida ma shirun ne. Maigidanta ya rasu da daɗewa, 'yarta tilo tana karatu a wani gari, sai waya ranar Asabar.

Wata Laraba ta ci karo da wani ɗan ƙaramin inji, shekara huɗu a kunne, ba mai shi. Ta tambayi kowa, kowa ya ce bai sani ba. Da ta leƙa ciki sai ta gane hannun. Na Dogo ne, abokin aikinta na farko, tun suna su biyu rak a ɗakin. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi shekara uku da suka wuce. Shi kaɗai ke rubuta bayani a gefen aikinsa kamar mai hira da mutum: "Nan kada ki taɓa, ni ma ban san yadda aka yi yake aiki ba." Da ita yake. Can ƙasa kuma: "In kin iso nan, tashi ki sha ruwa."

Injin ba abin da yake yi sai aika rahoto kowace safiya zuwa akwatin saƙon Dogo, wanda aka rufe tuni.

Mako guda ba ta taɓa shi ba. Kullum ta buɗe, ta karanta layi biyu-uku, ta rufe. Rannan manaja ya zo ya tsaya a kanta.

"Anti, wannan fa? Ke da ba kya ɗaga wa kowa ƙafa."

"Na Dogo ne."

"Wane Dogo?" Shi bai fi shekara biyu da zuwa ba.

Ta ce, "Wani ne da ya taɓa aiki a nan. Yau zan kashe."

Ta kwafe duk bayanan da ya rubuta, ta buga su a takarda, shafi shida. Sannan ta danna maɓallin kashewa. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

Ranar ta tashi da wuri, ta bi ta unguwar da matar Dogo ke zaune, takardun a jaka, don yaransa su ga irin barkwancin ubansu. Wata mata da ba ta sani ba ce ta buɗe ƙofa.

"Ai sun tashi tun bara, baiwar Allah. Ban san inda suka koma ba."

Ta yi godiya, ta gyara mayafi, ta gangara bakin titi tana jiran mota.