Mai-Kilina

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar bene yake, wurin da in ka miƙe da garaje sai ka fito da ƙulu a goshi. Da gyaran rediyo ya fara. Da rediyo ta daina kawo na cefane ya koma kwamfuta, ba tare da ya zauna a ajin kowa ba.

A wajensa kwamfuta ba ta da wani wayo. "Abu biyu kawai ta sani," yakan ce, "akwai wuta, babu wuta. Saurin lissafi ne ya rufa mata asiri." Ɗan siririn allon nan da ake kira ram kuwa, ya ce halinsu ɗaya da shi, ana ɗauke wuta ya manta komai. Hadis kuwa, ma'ajiyar bayanan kwamfuta, ita ce matarsa, tana riƙe da abin da ya faɗa tun ranar ɗaurin aure.

Maganinsa ɗaya ne. Kowace cuta aka kawo, sai ya zare ram, ya goge haƙoranta masu ruwan zinare da kilinar fensir, ya hura, ya mayar. Daga nan ya samo sunansa. Abin haushin, sau bakwai cikin goma sai ta tashi.

Autarsa ta karanci kwamfuta a jami'a, har tana rubuta umarnin da injin ke ganewa kai tsaye. Ba ta taɓa kawo masa gyara ba, kuma abin yana cin sa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Sai ranar da za ta gabatar da aikinta na ƙarshe, saura awa biyu, kwamfutarta ta yi ƙara uku ta yi baƙi ƙirin.

"Baba, don Allah ban da kilina," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Babban allon ne ya ƙone."

"To, Auta."

Ya juya mata baya kamar mai neman sukundireba, ya zare ram, ya janyo wani tsohon gwangwanin madara. Garin sauri gwangwanin ya kife. Kilina ta watsu a tebur, ta fi hamsin, guntu-guntu, kowace da shatin ƙananan haƙora.

Auta ta ɗauki ɗaya ta juya ta. Tun tana firamare take tauna kilina, tun lokacin kuma take shan faɗan uwarta kan yawan ɓatar da su.

"Baba, ashe kai ne ɓarawon?"

"Aro ne," ya ce, yana ta guga bai ɗago ba.

Ya hura, ya mayar, ya danna. Fanka ta juya, fuskar kwamfutar ta kawo haske, aikinta na nan daram. Daɗi ya kama shi har ya miƙe ya ƙume goshi da matakala.

Ta saɓa jaka ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta tsinci guntuwa ɗaya ta jefa a aljihu.

"Ko da za ta sake yi mini a gaban malamai," ta ce. "Nuna mini yadda ake zare ram ɗin, Baba."