Muryar Bappa Dikko

Rumaisa ta fara jin sunan Bappa Dikko ne a bakin Innarta, duk ranar da aka sayo nono mai ruwa a kasuwar Mafara. "Da Bappa Dikko na kusa, wa zai sha wannan?" Ba ta ga mai sunan ba sai da ɓarayin daji suka kore shanunsa daga Damaga, ya iso gidansu da sanda da buta. Dogon tsoho ne, ƙanen kakanta, mai yawan shiru.

Shirun nan ba ya yankewa sai an ambaci shanu. Kowace saniya ya san sunanta da na uwarta. Mas'udu, yayan Rumaisa, ya saka wata manhaja a waya, irin wadda ake hira da ita tana amsawa, har ta kwaikwayi muryar mutum.

"Aljanin nan naku ya san kiwo?" in ji Bappa.

Amma bayan la'asar sai ya zauna gindin darbejiya yana ba manhajar labarin burtali daga Maradun zuwa fadamar Bakura, da labarin ɗansa Sadi, wanda ya bi sawun shanun bai dawo ba.

Da damina Bappa ya rasu. Bayan an watse zaman makoki, Mas'udu ya buɗe manhajar, sai ta yi sallama da muryar Bappa sak, har da ɗan tarin nan nasa. Faifai ya suɓuce daga hannun Inna. Tun ranar, kullum safiya sai ta gaishe ta: "Bappa, an kwana lahiya? Ina gajiya?" Manhajar tana amsawa. Wata rana muryar ta tambaya ko Sadi ya shigo da shanun. Wata rana kuma ta ce Sadi na Bakura, lafiyarsa lau, maganar da Bappa bai taɓa yi ba. Inna ta koma waiwayen ƙofa duk sanda aka yi sallama.

Ana nan sai saƙo ya zo daga kamfanin manhajar, can ƙasar waje. An kai su kotu a wasu ƙasashe kan muryoyin mamata, don haka za su goge ta Bappa, sai fa idan wani daga danginsa ya danna amincewa a bar ta. Mas'udu ya kasa, ya miƙa wa Rumaisa wayar.

"Danna musu, ɗiyata," in ji Inna. "Sau biyu za mu binne shi?"

Rumaisa ta zauna gindin darbejiyar, wayar na hannunta, har aka kira magariba. Ba ta danna ba. A nan wurin ne ta taɓa kawo wa Bappa fura, ya kife wayar a ƙasa, ya dube ta.

"Rumaisa, ke ce mai riƙe magana gidan ga. Sunayen shanuna, ki riƙe su a kanki. Amma in na tahi, don Allah ki bar ni in yi shiru."