Baba Abdulwasi'u, Abokin Wanda Teku Ta Riƙe

Da an idar da sallar asuba, Baba Abdulwasi'u zai turo kekensa na ɗaukar tsofaffi, wanda mutanen Makka ke kira arabiyya, ya tsaya a bakin titin Misfala. Wasu masu turawar sukan zaɓi fasinja. Shi kuwa tsohuwar da ta rabu da ayarinta yake nema, ko dattijon da ya mance sunan masaukinsa. Ya tura su, ya yi ta tambaya gida-gida har ya sada su da nasu. Bana gwiwa ta ƙi, ya jingine keken.

Kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ya kawo shi ƙasar nan. Lokacin yaƙin basasar Najeriya makanikin jiragen soja ne. Amininsa Lurwanu, ɗan unguwarsu a Kano, yana cikin masu tashi da jirgin jefa bama-bamai. Wata safiya Abdulwasi'u ya duba injin, ya ɗaga masa hannu, jirgin ya nufi bakin teku. Bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ko ɓallin ƙarfe ba a tsinta ba.

Inna Batulu, mahaifiyar Lurwanu, ta hana a yi masa sallar ga'ibi. Ta ce wanda ba ta ga makararsa ba bai mutu ba. Bayan yaƙi Abdulwasi'u ya ajiye kaki, ya rako ta aikin hajji. Da suka sauka Jidda ta ce ya kai ta ta ga tekun da ake faɗa, domin ita iyakarta Kogin Challawa. Ta daɗe a tsaye tana kallo.

"Irin wannan ruwan ne?" ta tambaye shi.

"Irinsa ne, Inna."

"To ai ya yi masa yawa," in ji ta. "Ku yi masa sallah."

Aka yi. Ita ma ba ta koma gida ba, zazzaɓi ya kama ta bayan Arfa, shi ya raka ta makwancinta. Ya ce ba zai tafi ya bar ta babu mai ziyara ba, ya zauna.

Baba, kai ne ka goyi wani tsoho daga unguwar Aziziyya ranar da motoci suka cushe, masu shaguna suna kallo. Kai ne kake bin gawar alhajin da ba shi da kowa, don kada a rufe shi babu Bahaushe ko ɗaya a kansa. Mu kuwa, in ka soma zancen Lurwanu, sai mu ce tsohon soja ya tashi, mu zame. Abin kunya ne gare mu.

Bara Saudat, 'yar Lurwanu da aka haifa bayan ɓatansa, ta zo umra da jikokinta, ta nemi Baba har ɗakinsa.

"Baba, yaya muryarsa take?"

Ya runtse ido. "'Yata, dā ina jin ta. Yanzu ta soma guje mini. Amma dariyarsa ga ta nan a bakinki."

Suka yi kuka tare. Daga nan ya ba ta abin da ya rage masa: yadda uban yake tsoron allura, yadda yake rera karatu in yana ɗaura takalmi.

Mun gode, Baba, aminin ɓatacce. Allah Ya jiƙan Lurwanu da Inna Batulu, Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma matasan Misfala, in kun ga tsoho yana waige-waige a titi, ku kama hannunsa. Sannan ku leƙa ɗakin Baba ku tambaye shi labarin abokinsa, tun yana iya ba ku amsa.