Yadda Ƙwayar Kwalara Ta Gyara Mana Neman Aure

Na sha yawo, daga Ikko har Agadas ba inda ban shimfiɗa tabarma ba, amma ranar da ƙwayar cutar kwalara ta gyara mana neman aure, ita kam ko haƙorana sun zube ba za ta fita raina ba.

Autanmu ne ya ga yarinya a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. Mahaifinmu ya rasu, saura baffanninmu biyu, babban yana Babura, ƙaramin yana Roni. Zuwan farko aka ce kowa ya taso da hantsi. To Roni kusa ce, Babura kuwa tafiya ce. Kafin in iso da tsoho, ƙanensa ya riga ya baje a tabarmar surukai, har an sha fura. Tsoho ya leƙa zaure, ya juyo ya ce min, "Tunda an samu babba, mai da ni gida." Haka muka dawo da goronmu. Surukai suka aiko cewa sun ƙara mana zuwa ɗaya, in ba mu haɗa kanmu ba akwai wasu manema. Auta har ya daina cin tuwon kirki.

Muna cikin wannan jimami sai 'yata, mai karatun ƙananan halittu a jami'a, ta ce, "Baba, ku yi irin ta kwalara mana."

"A'uzu billahi! Ana maganar aure kina kawo mana amai da gudawa?"

Ta yi dariya ta ce min ita ƙwayar, bayanin halittarta a zobe biyu yake, babba da ƙarami, kuma kafin ta rabu gida biyu sai ta kwafi kowanne. Babban ake fara kwafa, ƙaramin yana zaune. Sai kwafin ya kai wani wuri a jikin babban, wurin nan shi ke ta da ƙaramin, sai su gama tare. "Ba agogo take dubawa ba, Baba. Ku ma ku bar sa lokaci. In kun wuce kasuwar Kazaure ka kira, sannan na Roni ya taso."

Ranar zuwa na biyu, 'yar tawa ta tafi Roni ta tsare kakanta, ni kuma na ɗauko tsoho. Ba mu kai Kazaure ba taya ta yi faci, safayar ma ba iska. Muna zaune gun mai faci waya ta yi ƙara, Baffan Roni ne.

"Kai, tun safe nake cikin babbar riga, gumi ya gama da sitacin! Ga wannan ja'irar matar tawa ta ɓoye min hula!"

Na jiyo muryarta daga nesa: "Angona, zauna, ba a kai wurin ba tukuna."

"Wane wuri? Ni ne ƙwayar cutar?"

Kun san wasan jika da kaka, da wani ne ya taɓa hular nan da ya sha sanda. Ita kuwa sai ya yi ta mita, don ba dattijon da zai je gidan surukai kai ba hula. Da lokaci muka sa, wallahi da ya sake riga mu, da auren ya tashi.

Muna wuce kasuwa na kira, aka ba shi hularsa. Ikon Allah, muna tsayawa gindin dalbejiyar ƙofar gidan, ga motarsu ta kunno kai. Ƙaramin ya sauko da sauri ya buɗe wa yayansa ƙofa, ya rusuna. Tsoho ya gyara rawani ya shige gaba. Kafin la'asar an ba mu, an yi fatiha.

A hanyar komawa tsoho ya tambayi wanda ya tsara tafiyar, na kwashe labari na gaya masa. Sai ya ce, "Abar nan da ta taɓa kwantar da ni a asibiti? Ashe ta fi ƙanena sanin girman na gaba."

Tun daga ranar, in zan haɗa mutum biyu a kan wani al'amari, ba na cewa su tashi tare. Mai doguwar hanya nake fara sallama, na kusa ya jira a kira shi. In kuma mai gaggawa ne, sai a nemo jikarsa.