Zakaran Godiyar Tani

Tani ta zo Katsina daga Kagoro shekara ashirin da suka wuce, ta biyo mijinta Bitrus, makaniki a Ƙofar Kwaya. Karatunta bai wuce aji huɗu ba. Tana sayar da gwaten acca a ƙofar gidan da suke haya, tana kiwon kaji a bayan ɗaki. A cocinmu kowa ya san muryarta, domin takan riga mawaƙa shiga baiti.

Ni a asibiti na san ta sosai, cikin zafin Afrilu, shekarar da sanƙarau ya shigo unguwarmu. Gadon ɗanta Jonathan yana kusa da na 'yata Esther. Dukansu shekara tara. Likita ɗaya ya duba su, allura iri ɗaya aka yi musu, ni ce ma nake karanta wa Tani takardun magani. Jonathan ya tashi, sai dai kunnensa na hagu ya mutu. Esther ta rasu ranar Laraba.

A cocinmu, mai son yin godiya yakan ba magatakarda sunansa kafin Lahadi. Sai an kira shi zai fito gaba da abin da ya kawo, 'yan'uwa su biyo shi da rawa. Wanda ba a kira ba, ba ya tashi. Ni ce magatakardar.

Kowane Afrilu Tani takan ware zakara mafi girma a cikin kajinta. Shekara uku ina kiran sunanta, ina kallonta tana rawa riƙe da hannun Jonathan, wandonsa na ƙara gajarta. Nakan auna tsawonsa da ido, in ce da yanzu Esther ta kai kafaɗata. Ba yaron kaɗai nake kishi ba. Har bakin nan nata da yake cewa "Ubangiji mai alheri ne" ba tare da ya yi nauyi ba.

A shekara ta huɗu ta ba ni sunanta ranar Alhamis. Na rubuta, na kuma tsallake shi ranar Lahadi. Ba mantuwa ba ce. Ta zauna a benci na uku da zakara a cinya, ƙafafunsa a ɗaure, har Fasto ya sa albarka.

Da la'asar ta yi sallama a gidana.

"Maman Esther, kina ciki?"

Ita kaɗai ta rage tana kira na haka. Sauran sun koma ce mini Malama, wai don kada su tuna mini.

Muka gaisa, ta tambayi maigida da aiki, sannan ta ajiye zakaran a tsakar gida.

"Ki riƙe mini shi zuwa Lahadi. Na riga na ba Ubangiji, ba zai koma cikin kajina ba. In Baban Jonathan ya gan shi, tukunya zai faɗa."

Na ce, "Da gangan na ƙi kiran ki."

"Na sani. Mai digiri ba ta tsallake layi."

"Me ya sa naki ne ya tashi, ba tawa ba?"

Ta gyara ɗankwali. "Ban sani ba. Ban fi ki addu'a ba, na ji taki a asibiti. Abin da ban biya ba aka ba ni, to in yi shiru? Zakaran nan dawa yake ci, ba ya son dusa."

Kwana bakwai zakaran nan yana cara a ƙarƙashin tagata. Na ba shi dawa. Ranar Talata ina cikin shara ya tsinke igiya ya shiga ɗakin Esther, wanda ban buɗe wa kowa ba sai don shara. Ina korar sa na ga takalmanta na makaranta, na zauna a ƙasa. Shekara tara aka ba ni, ni ma ban biya ba. Na yi ƙoƙarin cewa na gode, kalmar ta ƙi fita.

Ranar Lahadi na kai zakaran da kaina, na kira sunan Tani farko. Ta fito tana waƙa, ta miƙo mini hannu in biyo ta. Ban tashi ba. Jonathan ya juyo da kunnen dama wajen ganga, ni kuma na duba takarda na nemi suna na gaba.