Zalɓen da Ladidi Ba Ta Gani Ba

Duk abin da zan manta a aikin koyarwa, ban da ranar da na fita da 'yan aji huɗu kallon tsuntsaye a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. A shekarun 1970 ne, ba a daɗe da fara karatun firamare kyauta ba, ina sabon malami mai shaidar daraja ta biyu a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Noman rani ya kankama, ruwa ya wadata, tsuntsaye kuwa kamar an yi musu gayya.

Muna da wata al'ada da ku malaman yanzu ba ku tarar ba. Bayan kowace jarrabawa sai a sake wa yara wurin zama: na ɗaya a bencin gaba, na ƙarshe can jikin bango. Wai don a zaburar da su. Wata yarinya mai suna Ladidi, kullum ita ce a jikin bango. In ta kwafi rubutun allo, kai ka ce kaji ne suka yi tono a littafin. Na zane ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hedimasta ya yanke za ta maimaita aji, mahaifinta kuma ya aiko cewa in dai haka ne, gara ta zauna gida ta taya uwarta yankan tumatir.

Manhajar nazarin halittu ta ce a fita da yara waje, don haka na rubuta a shirin darasi, hedimasta ya sa hannu. Ran Laraba da hantsi muka tashi, bayan na ƙwace danƙo a aljihun kusan kowane namiji, don na san halin kayana. Muka zauna ƙarƙashin wata darbejiya. Na ce kowa ya yi shiru, wanda ya gane tsuntsu ya ɗaga hannu.

Hannun Ladidi ne ya fara tashi, kanta kuwa a sunkuye.

"Malam, ga ragon maza can cikin ciyawa."

Muka duba, ga shi kuwa. Jim kaɗan ta ce, "Kirinjijiya ne ke wucewa, sun nufi fadama." Wani yaro ya ce ga kurciya, ta ce, "A'a, hasbiya ce, muryarta ta fi kauri." Na saki baki ina kallonta.

Can sai wani zalɓe ya sauka a ɗaya gaɓar. Yara suka hau nuni. Na ce, "To Ladidi, siffanta mana wannan." Ta ƙanƙance ido tana duban wani gefe daban.

"Ina yake, Malam? Ai bai yi kuka ba."

Yara suka fashe da dariya. Na ja da baya taku goma, na ɗaga yatsu uku, na ce nawa ne. Ta ce, "Malam, farar rigarka dai nake gani." Wallahi kunya da tausayi suka rufe ni.

Muna komawa na shiga ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Allon ne ba ta gani."

Hedimasta ya ce, "Innalillahi! Kuma mu ne muke ƙara tura ta baya."

Washegari aka dawo da ita bencin gaba. Na je na sami mahaifinta a gonar alkama, ya riƙe haɓa ya ce, "Malam, mu duk a zatonmu rashin natsuwa ke sa ta tuntuɓe." Ni da shi muka bi motar tumatir muka kai ta asibitin ido a birni, aka yi mata tabarau.

Ranar da ta dawo, abin da ta fara tambayata shi ne ko zalɓen nan yana nan. Da aka tashi tara muka je, muka yi sa'a yana tsaye a cikin ruwa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe haka yake tsayawa shiru? Allah sarki, da ban taɓa sanin yana nan ba."

Na ce, "Ladidi, ki yafe mini bulalar da na yi miki."

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ai kai ma ba ka sani ba."

Ta wuce aji biyar tare da sa'o'inta, a makarantarmu kuma aka daina zama bisa maki. Mu malamai mun fi saurin yanke wa yaro hukunci a kan mu tsaya mu tambaye shi damuwarsa. Daga ranar nan har na yi ritaya, ban sake fara rubutu a allo ba sai na je bencin ƙarshe na durƙusa, na tambayi mai zama a wurin ko yana gani.